Tambayoyin da kuke yawan yi mani kan aika fure cikin garin Argungu

Salamu alaikum jama'a. Tun da na fara wagga sana'a ta ɗaure damin fure ana kai wa mutane har ƙofar gida nan Argungu, tambayoyi kusan iri guda ke ta shigowa wayata, wasu ma da tsakar dare, shi ne na ce bari in zauna in tattara su wuri guda in amsa, duk wanda ya sake tambaya sai in turo mai ya karanta da kanshi. Wasu tambayoyin na masu saye ne da gaske, wasu na 'yan ba'a ne, duka na sa.

Wai fure a Argungu? Wa zai saye shi?

Wallahi tambayar da Inna ta fara yi mani ke nan ranar da ta gan ni ina ɗaure na farko a tsakar gida, ta tsaya tana kallona can tac ce "ke wanga abu miya ake yi da shi ko magani ne?" Kuma ban ga laifinta ba, mu mun tashi kyautar da munka sani ita ce turmin atamfa, turare, goro, sabulu, in haihuwa anka yi a kai kaji da kayan yaji. Fure kam a wurinmu abincin awaki ne.

Amma masu saye akwai su, kuma mafi yawansu ba ma cikin garin suke ba. 'Yan garin ne da aiki ko aure ko karatu ya kai su Abuja, Kaduna, Legas, wasu har Saudiyya, an yi wani abin farin ciki a gida ba su samu zuwa ba, kuɗi sun riga sun tura amma suna son wani abu da za a gani da ido a ce ai wance ce ta aiko. Sai kuma ƙawayen amarya, da ɗalibai ranar kammala karatu, da magidanta masu neman a yafe masu laifi, waɗannan kam da muryarsu kaɗai nake gane su.

Akwai wata Hajiya da ɗiyarta mai aure a Kaduna ta sa anka kai mata ranar da ta dawo aikin Hajji. Ta karɓa tana ta faɗa, wai yaran zamani ba su san zafin nema ba, kuɗin da za a sayi shinkafa an je an sayi ciyawa. Da la'asar na biya in yi mata barka da sauka, sai na tarar ta fiddo wani jug na gilas daga cikin kabet wanda tun da anka saye shi ba a taɓa shan ruwa da shi ba, ta wanke ta zuba furen ciki ta aza bisa tebur kusa da dabino da zamzam, duk wanda ya shigo sai ta ce "kun ga abin da yarinyar nan ta aiko, don Allah ku dubi ɓarna", tana faɗi tana gyara mai zama.

Wane irin fure gare ku?

Kashi uku ne. Na farko wanda muke shukawa da kanmu a ɗan lambunmu gefen fadama: ziniya mai launi kala-kala, ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda da fari, sai marigol mai ruwan lemu, sai sanfulawa wanga babba mai baƙin tsakiya. Su ne masu jure zafinmu, ziniya wata biyu da 'yan kwanaki bayan shuka ta fara fure, kuma iya yankanta iya sabon reshen da za ta fitar. Ina cika tsakaninsu da ganyen ɗaɗɗoya da na'a-na'a, in lalle ya yi fure in saka 'yan rassa, don ziniya kyau kawai gare ta ba ta da ƙamshi, shi kuwa furen lalle reshe biyu sun isa su cika ɗaki.

Na biyu wardi, wato ros, shi daga nesa yake zuwa kuma sai an yi oda tun da wuri. Na uku wanda ba ya mutuwa: na roba da na ribon da muke naɗewa da hannu.

In kin tambaye ni wanda na fi so a aika, na gida ne. Ya fi fara'a, ya fi araha, kuma da safen ranar anka yanko shi.

Mi ya sa wardi ke da tsada haka?

Don ba ɗan nan ba ne. Wardin yanka sanyi yake so, shi ya sa a Najeriya Jos ce ta yi suna da shi, garin yana bisa tudu wajen mita 1,200. Manyan nan masu dogon kara da kuke gani a hotunan bikin Abuja kuwa da yawansu daga Kenya suke, gonakin gefen tafkin Naivasha, wasu daga Habasha, a jirgi ake kawo su cikin sanyi irin na firij, digiri 2 zuwa 4. To ka ɗauki abin da ya saba da wanga sanyi ka ce zai zo Argungu. Daga Jos sai an bi Zariya, Funtuwa, Gusau, Sakkwato kafin a iso nan, ya haura kilomita 700 cikin mota, a cikin kula mai ƙanƙara, ƙanƙarar ma kan hanya take narkewa. In an buɗe kwali sai na ware waɗanda kansu ya langaɓe, waɗannan asara ce kuma dole kuɗinsu ya hau kan masu rai. Ba wai na ƙi jinin wardi ba ne, kyakkyawa ne, amma daga Maris zuwa Mayu ina gaya ma kwastoma gaskiya cewa kuɗinshi zai ƙone, in ya nace in kawo mai.

Kwana nawa yake yi kafin ya bushe?

Ya danganta da wata. Lokacin hunturu, Disamba zuwa farkon Fabrairu, ziniya da sanfulawa na kai mako guda in ana canza ruwa, wardi kwana huɗu zuwa biyar. Da damina haka-haka. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwana biyu zuwa uku ne, wardi wani lokacin kwana guda ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya ce maki furenshi zai yi mako biyu a Argungu cikin Afrilu, to na roba yake nufi.

An kawo mani, ya zan yi ya daɗe?

Kada ki bar shi cikin takardar da anka naɗe shi don wai tana da kyau, na ga masu jingine shi a kan gado kwana biyu suna jira a zo a gani. Ki yi hotonki, sannan ki kwance. Samo wuƙa mai kaifi ki datse ƙasan kowane kara kamar tsawon gaɓar yatsa, a karkace, don tun kan hanya bakin karan ya bushe iska ta shiga ta toshe hanyar da yake shan ruwa. Duk ganyen da zai nutse cikin ruwa ki tsige shi, shi ke ruɓewa ya sa ruwan wari, ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen ruwan su ke kashe fure tun kafin zafi ya kashe shi.

Ruwan randa ya fi, mai sanyi-sanyi. Cikin lita guda ki sa ƙaramin cokali guda na sukari, ki ɗan matsa lemun tsami, ki ɗiga bilic na wanki ɗigo biyu ko uku kawai, kada ki zuba da yawa ki ce na ce. Sukarin abincinshi ne, bilic ɗin ya hana ruwan lalacewa. Kullum ki canza ruwan ki wanke mazubin, bayan kwana biyu ki sake datse ƙasan.

Wurin ajiya kuma: ba bakin taga da rana ke bugawa ba, ba gaban fanka ba, ba bisa talabijin ba. Kuma ki raba shi da tiren mangwaro da ayaba, 'ya'yan itace in suna nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ke sa fure ya tsufa da wuri ya zube. Gindin randa inda ƙasa ke da laima nan ne wuri mafi sanyi a gidajenmu da yawa, da dare ki kai shi can ya kwana. Firij ya yi in akwai wuta, amma ban da firiza, wata ta taɓa sawa don son ya daɗe ta fiddo shi da safe ya koma kamar dafaffen alayyafo.

Ga bado nan cike da fadama, mi ya hana ku sa shi?

Na gwada ai, wa zai ga furen bado bisa ruwa da sassafe bai yi sha'awa ba. Matsalar yana da lokacin buɗewa da lokacin rufewa, kuma karanshi taushi gare shi, da ya bar ruwa ya langaɓe, kafin a kai ma mai shi ya tsuke baki kamar wanda anka yi ma laifi. Shi a bar shi inda Allah ya aje shi.

Akwai kuma waɗanda ba na sawa ko an roƙe ni. Tumfafiya furenta na da kyau amma farin ruwan nan nata haɗari ne ga ido. Ƙarya, itacen nan mai kumburarren gindi da jan fure wanda ake cewa fure take ba ta 'ya'ya, ruwanta dafi ne. Haka oliyanda da ake shukawa a bakin ofisoshi. Gidajenmu cike suke da yara masu kai komi baki da awaki masu shiga ɗaki ba sallama, ba zan aika abin da zai zama abin da-na-sani ba. Boganbiliya kuwa ba dafi ne matsalarta ba, ƙaya ce da saurin yaushi, sai dai in ƙawata wurin zaman amarya da ita na 'yan awoyi.

Ina da ina kuke kaiwa?

Ko'ina cikin garin Argungu. Gulma, Alwasa, Felande, Lailaba da Augie muna zuwa amma sai an faɗa tun jiya kuma kuɗin kaiwa daban ne. Birnin Kebbi wajen kilomita 50 ne, can motar farko ta safe nake ba wa, mai karɓa ya tarbe ta a tasha. Sakkwato ba na kai ɗanye, sai na roba ko na ribon. Da damina akwai ƙauyukan fadama da hanya ke yankewa, in ruwa ya cika sai haƙuri.

Wa ke kaiwa, kuma ba ya lalacewa a hanya?

Yara biyu gare ni da na amince da su, ɗaya ƙanena ne mai mashin, ɗaya mai keke napep ne maƙwabcinmu. Babban dami a keke yake tafiya, tsaye cikin bokiti mai ɗan ruwa a ƙasa, an rufa mai jiƙaƙƙen ƙyalle mara nauyi. Ƙarami na iya bin mashin amma cikin kwali, kuma wani ya riƙe a baya.

Da wahala na koyi wanga. Odata ta uku a duniya, na tare wani ɗan kabu-kabu a bakin titi da ƙarfe ɗaya na rana na ba shi na yi mai kwatance, ashe da ya sha kwana sai ya ɗaure damin a bayan mashin da roba kamar wanda ya sayo rake, ya kuma tsaya ya ɗauki fasinja biyu kafin ya isa. Hoton da anka turo mani kara ne da ribon, furen duk ya watse a titi. Na mayar da kuɗi na sake ɗaure wani kyauta, na kuma yi kukana a ɗaki. Tun ranar ba na ba wanda ban sani ba.

Lokutan fita biyu ne: safe daga ƙarfe 7 zuwa 10, sai bayan la'asar zuwa kafin magariba. Tsakar rana ba ma fita ko nawa za a biya. Ranar Juma'a a yi ƙoƙari a zaɓi safe.

Ban san lambar gidan ba, ya za a yi?

Mu ma ba mu sani ba, mai gidan ma ƙila bai sani ba. Kwatance za ka yi mana irin na gida: unguwa, sunan mai gidan da anka fi sanin shi da shi, in laƙabi ne ma ya fi, sannan wani abu da ba ya gusawa, kamar bayan gidan tarihin Kanta, ko daura da kwalejin ilimi ta Adamu Augie, ko layin da ke bayan babban asibiti, ko masallacin wane. "Gida mai jan ƙyaure kusa da mai shayi" ba kwatance ba ne, mai shayi da rana ba ya nan. Kuma ka ba mu lambar wani a gidan wanda wayarshi ke da caji. In ba-zata kake son yi, lambar ƙanwa ko ɗan gidan za ka bayar ba ta mai karɓa ba.

Zan iya aika ma budurwata? Ko matar da ke cikin gida?

To nan ne maganar take, ku zauna da kyau.

Argungu ba Abuja ba ce. In keke ya tsaya ƙofar gida anka fiddo fure, kafin a shiga da shi zaure 'yan majalisar ƙofar gida sun gani, yaran layi sun biyo, kafin isha'i an san gidan wa anka kai kuma an fara lissafin wa ya aiko. Abin da ka yi don ka faranta ma yarinya rai yana iya zama abin da zai sa Baba ya kira ta ya tsare da tambaya. Don haka nake tambayar samari kai tsaye, an san da maganarka a gidan? In manya sun shiga ko an ba ka izinin zuwa zance, bismillah, har shawarar launi zan ba ka. In kuwa yarinyar ma ba ta san kana yi ba kana son fure ya yi maka sallama, Malam ka yi haƙuri, ka nemi ƙanwarta ko gwaggonta kamar yadda kowa ke yi.

Aike ba suna ba na karɓa sam. Ko ba a rubuta a kati ba, ni dai in sani, kuma in an tambaye ni zan faɗa. Matar aure kuwa daga mijinta, ko 'yan uwanta, ko ƙawayenta mata, shi ke nan. An taɓa yi mani tayin ninkin kuɗi a kan in kai wani gida in ce ban san mai aikowa ba, na ce a kai kasuwa.

Yaran da ke kaiwa ba sa shiga gidan mutane. Sallama za su yi a ƙofa a turo yaro, ko mai gidan ya fito. In gida ne mai tsananin kulle ko ana son sirri, ki faɗa mani, ƙanwata za ta sa hijabinta ta kai har ɗaki cikin kwali rufaffe, wanda ya gani zai ɗauka kayan ɗinki ne.

Sannan magidanta masu mata fiye da ɗaya, don girman Allah ku riƙa faɗa mani tun farko. Wani bawan Allah ya yi odar dami guda yac ce a kai gidanshi a ba "madam". Ƙanena ya yi sallama, yaro ya fito ya karɓa ya kai ma uwarshi, ita ce uwargida, ta yi murna har da guɗa, sannan ta buɗe kati ta ga sunan amarya da kalaman da ita shekara goma sha ba ta ji irinsu ba. Abin da ya biyo baya ba nawa ba ne in faɗa, amma washegari tun kafin in gama karin kumallo ya kira ya yi odar biyu. Shawarata in biyu gare ka ka sayi biyu, girma guda, launi guda, ni har ƙirga furen nake yi kada wani ya fi wani da ko ɗaya, don za a ƙirga.

Ba al'adar Turawa ba ce? Addini ya yarda?

Ni ba malama ba ce, mai son fatawa ya tambayi malaminshi. Abin da na sani dai kyauta tsakanin Musulmi abu ne da anka kwaɗaitar, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ke cewa wanda anka miƙa ma raihan kada ya mayar, don ba shi da nauyin ɗauka kuma ƙamshinshi na da daɗi, raihan kuwa tsiro ne mai ƙamshi dangin ɗaɗɗoyar nan tamu. Naɗe shi da takarda da ribon ne baƙon abu, wannan ban musa ba. Ni inda na ja layi shi ne ba na yin wata talla ta musamman don 14 ga Fabrairu, ranar da ake ce ma ta masoya, kuma ba na haɗa na kai wa kabari.

Za a iya kaiwa gidan rasuwa? Asibiti fa?

Gidan rasuwa a'a. A nan ta'aziyya ƙafa ce da addu'a, in da hali a kai abinci ko hatsi. Ka aika fure gidan makoki sai a ɗauka ba ka da hankali ko kana murna.

Asibiti ana iya kaiwa amma ƙarami, mara ƙamshi mai ƙarfi, kuma a fara tambayar ma'aikatan ɗakin, don gado kusa da gado ne wani majinyacin ƙamshi na tayar mai da amai ko asma. Ni na fi son a bari sai an sallamo mutum ya tarar da shi a gida. Mai jego ma haka, ran suna ko kwana biyu kafin suna, a aje nesa da inda jariri ke kwana. Kuma don Allah kada fure ya hana a kai abin da anka saba kaiwa, mai jego na son kazarta, furen ƙari ne a kai. Da yawa yanzu haɗawa suke yi, dami guda da turaren wuta ko dabino ko kwalin sabulu, duk muna iya sayowa mu haɗa.

Kuna yin na kuɗi, wanda ake naɗe naira kamar fure?

Ba na yi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta naira, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 2023 bankin ya fito ya lissafa damin kuɗi cikin abubuwan da yake ɗauka wulaƙanci ne. Na san ana yi, kuna gani a sitatus. Ni dai in kana son haɗawa da kuɗi, ambulan zan sa su a miƙe in soke a gefen damin, ba lanƙwasa ba gam ba allura, mai karɓa ma ya huta da warwarewa.

Nawa ne, kuma ta ya ake biya?

Girma uku ne, ƙarami da matsakaici da na amarya. Ba na rubuta farashi a nan don tun da anka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin ban-ruwa da na mota da na takardar naɗi ba su zauna wuri guda ba, in na rubuta yau wata mai zuwa a ce na yi ƙarya. Ki tambaya a ranar za a gaya maki, da kuɗin kaiwa a ware.

Biya ta tiransifa ne ko a kawo hannu. Na gida rabi kafin in yanka, cikon kafin ya fita. Wardi duka ake biya tun farko tunda ni ma sai na biya ake ɗoro shi mota. Hoton rasit ba ya isata, sai na ga kuɗin sun zauna a asusuna, an taɓa yi mani alat na bogi ana gobe sallah kuma mutumin har da "Allah shi sa albarka Hajiya". In netwok ya riƙe kuɗin sai mu yi haƙuri tare.

In na yi oda yau za a kai yau?

Na gida in kin kira kafin ƙarfe 9 na safe ana iya kaiwa da yamma. Wardi sai an jira kwana huɗu. Na ribon kwana biyu, don da hannu ake naɗe kowane ɗaya.

Ban da lokutan cunkoso: satin ƙaramar sallah da babba, dawowar alhazai, watan Sha'aban da ake ta ɗaura aure kafin azumi, da kuma duk shekarar da anka yi bikin kamun kifi. Wanga biki tun 1934 ake yin shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, to in ya zo garin cika yake yi maƙil, hanyar Matan Fada, gulbin da ake kamun kifin, ba ta biyuwa, masu masauki na son na tarbar baƙi, yarana kuma su ma kallo suke son zuwa. A irin wanga lokaci mako guda kafin ranar za ki yi magana.

Mi zan rubuta a katin?

Abin da za ka iya faɗa gaban Inna, don akwai yiwuwar ita za a ba ta riƙe ko a ba ƙaramin gidan ya karanta da ƙarfi. Gajere ya fi: barka da sauka, Allah shi raya, Allah shi ƙara lafiya, Allah shi sa albarka a karatu. Da hannu nake rubutawa, Hausa ko Turanci, in tsohuwa ce ko dattijo da ya fi gane ajami maigidana na rubuta mani, kuma na lura waɗannan katunan su anka fi adanawa, wata na gani ta soke nata cikin gafakar Alƙur'ani. Masu turo mani baitin waƙa shafi guda, katin tafin hannu ne, ku rage.

In ya iso a lalace fa, ko ba a tarar da kowa ba?

Kafin ya fita ina turo hoto, in an miƙa kuma a turo wani. In ya iso a karye ko a yaushe ki ɗauki hoto a take ki turo, zan sake wani ko in mayar da kuɗi, wanda kike so. Amma ba bayan kwana biyu ba. In an je ba kowa, yaron zai kira sau biyu ya jira kamar minti goma, in shiru ya dawo da shi in sa a ruwa, zuwa na biyu sai an sake biyan kuɗin kaiwa. Ba ma barin shi wurin maƙwabta sai kin ce a bari.

Kina sayar da iri, ko kina koyarwa?

Irin ziniya da marigol ina bayarwa kyauta in na tara, ki zo da 'yar ledarki. Ki shuka farkon damina ko bayan ruwa ya ɗauke in kina da rijiya, wuri mai samun rana sosai, kuma ki kewaye da ƙaya ko tsohon gidan sauro tun ranar da kika shuka, kaji da awaki ba sa jira ya girma. Koyon ɗauri kuwa ranar Asabar da safe nake zama da 'yan mata biyu-uku, mai so ta zo da almakashinta, nawa guda biyu ne kuma ɗaya ya dakushe.